Wuƙar da Aka Karɓe a Ƙofar Meri

Mu a Zongon Lome, jaririn da bai yi arba'in ba, ba a raba shi da ƙarfe. Ƙaramar wuƙa ake tura masa ƙarƙashin matashi, in za a fita a naɗe ta cikin zanen goyo, don mutanen ɓoye ba sa shiri da ƙarfe. 'Ya'ya shida na raina a haka, ko firgita babu wanda ya taɓa yi.

Da autata ta haihu a babban birnin Beljiyam, na rufe rumfar atamfata ta kasuwar Hedziranawe, na tafi yi mata wankan jego. Kwana goma sha biyu da haihuwa ta ce za mu je meri, wato gidan magajin gari, a karɓo takardar haihuwar yarinya. Na ce ta je ita kaɗai. Ta ce to nono fa? Ina mita ina komai na goya jaririyar, na naɗe wuƙata, muka fita ana yayyafi.

Tun daga nesa gidan bai kwanta mini ba. Ginin dutse ne, tsufa ya sa ya yi baƙi, bangonsa cike da gumakan mutane, layi bisa layi, kowanne ya sunkuyo yana kallon ƙofa.

A ƙofar akwai na'urar gano ƙarfe. Ina ratsawa ta yi ƙara. Mai gadin, wani dattijo mai ladabi, ya karɓi wuƙar, ya ce in mun fito zai ba ni. Na ce wa 'yata ta shiga, ni da jikata mu jira a waje.

"Maman, don Allah kar ki ba ni kunya," ta ce ƙasa-ƙasa, har da juyawa Faransanci. "Ruwa ake yi, mura za ki sa mata."

Raina ya ɓaci, amma na ji nauyin idon mutane. Na shiga.

Ita ta wuce ofis, aka bar ni a wani dogon zaure, ni kaɗai. Ko'ina zanen matattun Turawa ne, sun sha baƙaƙen riguna. Sanyin wurin ba irin na waje ba ne, ta tafin ƙafa yake hawowa. Na yi sallama da ƙarfi yadda ake yi in an shiga kango. Muryata ta tafi ta dawo, amma wallahi wadda ta dawo ta fi tawa kauri.

Yarinyar da ta wuni tana tsala kuka ta yi tsit. Na sauko da ita na duba. Idonta biyu, ta kafe su a saman wata rufaffiyar ƙofa, inda babu komai sai baƙin katako. Sai ta yi murmushi. Kwana goma sha biyu fa! Idanun suka fara bin wani abu a hankali, tsawon bango, har suka tsaya daidai bayan kafaɗata. Na kasa waiwayawa. Na kama Ayatul Kursiyyu, wadda na haddace tun ban yi wayo ba, sau uku ina kakarewa a tsakiya. Haka uwarta ta fito ta same ni, gumi sharkaf.

Yanzu shekararta huɗu. Tana ci, tana gudu, likitoci sun ce kunnenta lafiya lau, amma ko kalma ɗaya ba ta taɓa furtawa ba. In an kira ni ta bidiyo ina ta yi mata wasa, ita kuwa sama take kallo.

Bara uwarta ta bugo mini ina rumfa. Ta ce, "Maman, da na bari kin tsaya cikin ruwan."

Na ce ta yi shiru, ƙaddara ce, babu mai tare ta. Ita na lallasa da hakan, ni bai lallashe ni ba. Ita yarinya ce, boko ta yi. Ni ce na sani, kuma da ƙafata na shiga da jikata.