Atamfar da Baba Bai Gani Ba

A lokacin ina zaune a unguwar Zariya, nan Maradi, ina yi wa masu shaguna zanen talla a ordinatar, wato kwamfuta, kuma kaina ya fara kumbura don mutanen intanet suna yaba zanena mai motsi. Ni ne auta a gidanmu. Baba manomin rani ne a Jiratawa, zogale da tattasai yake yi, kuma bai taɓa gane yadda mutum zai wuni a zaune ya ce ya yi aiki ba. Bai hana ni ba dai. Iyaka in na je gida ya tambaye ni ko har yanzu ana nan ana zanen aljanu, ya yi dariyarsa.

Innarmu ta rasu ba ta bar mana hoto ba sai na katinta na ɗan ƙasa. Sai na ƙudurta zan zana ta tana tafiya a bakin hanyar ruwa da ƙwaryar fura a ka, yadda take kai wa Baba gona. Yayata da ke aure a Tsibiri tana da muryar Inna a waya, wata waƙar daka da aka ɗauka ranar wani suna, na ɗora a kai. Wata biyar na yi ina fama da abin minti biyu, ba don kowa ba sai don Baba ya sake ganin matarsa tana tafiya, ya kuma yarda ɗansa na da sana'a.

Da na gama, na fitar da bidiyon a wani sabon tsari mai nauyi wanda launi ba ya dushewa. Wani abokina mai tura wa mutane waƙoƙi a katin waya a bakin kasuwa ya ce in kawo ya mayar mini da shi 3GP, don ƙananan wayoyi masu maɓalli irin ta Baba shi suke ci. Na ce masa ba zan bari a dagula fuskar uwata ta koma dishi-dishi ba. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Na zuba a kati, na ba Yaya ta kai wa Baba, don za ta je duba shi, tari ya matsa masa. Wayarta ita ma irin tasa ce, ban ko yi tunanin haka ba.

Washegari Baba ya kira ni. Ya ce Inna ta fito sosai, Allah ya yi mini albarka. Daɗi ya kashe ni, na ce ran Juma'a zan zo da ordinatar ya gani a babban allo. Juma'a uku suka wuce ina zaune ina amsa yabon mutanen da ban taɓa gani ba, alhali Jiratawa ba wata tafiya ba ce. Kafin ta huɗu aka yi masa sutura.

Bayan sadakar bakwai Yaya ta miƙo mini wayarsa. Na buɗe bidiyon, sai allo baƙi ƙirin, muryar Inna kaɗai ke fita. Na sake dannawa, haka. Yaya ta ce tun ranar farko haka yake, amma Baba ya hana ta gaya mini, ya ce yaron ya sha wahala, kada a karya masa zuciya. Kara wayar yake yi a kunne ya yi ta saurare. Ta ce sau ɗaya ya tambaye ta wace atamfa na sa wa Inna, ta ce ita ma ba ta sani ba. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na dawo gari na kai wa abokina. Kafin mai shayi ya haɗa mana shayi, har abokin nawa ya mayar da bidiyon 3GP. Na kunna a wayar Baba. Dishi-dishi ne kam, amma ga Inna nan tana tafiya da ƙwaryarta.

Abin da na koya, kyan aiki ba ya amfanar wanda bai gan shi ba. Ku masu wannan sana'a, kafin ku tura wa mutum abu ku tambayi wace waya ke hannunsa, ku gwada a irinta. In kuma naku ne yana kusa, ku taka ku kai masa da kanku, kada ku jira Juma'a. Har yau tambayar nan ta Baba ba ta bar ni ba, kuma babu wanda zan ba amsa. Shuɗiyar nan ce na sa mata, wadda ya sayo mata shekarar da tattasai ya yi kyau.