Sandar Kawu Manu a Bakin Gulbi

Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Wurno ya san ba a faɗin magana gaban Kawu Manu ta wuce salin-alin. Ka ce yau ana zafi, ya ce, "An auna?" Ka ce shayi ya ji sukari, "An auna?" Ranar da aka kawo masa albishir matar ɗansa ta haifi ƙaton yaro, wallahi sai da ya yi tambayar nan kafin ya ce barka. Ƙanin mahaifiyata ne, manomin albasa, karatunsa bai wuce na allo ba, amma rediyo ta buɗe masa kai har ya fi ƙarfinmu.

Kun tuna lokacin da ya ji a rediyo cewa wani tururi ne ke fita daga albasa ya sa ido hawaye? Ya yanka a rana, ya yanka a inuwa, ya ari baƙin tabarau na mai walda ya yanka, ya haɗa da yatsansa. Kwana huɗu gidan ba a cin komai sai miyar albasa. A ƙarshe ya tara mu, yatsa a naɗe da tsumma, ya sanar cewa idan aka yanka ta cikin ruwa ba ta sa kuka.

Matarsa Inna Ladi ta ce, "Wanga abu ai tun ina ɗiya nas san shi."

Ya ce, "Kin sani, amma ba ki auna ba."

Batirin rediyo kuwa ba ya mutuwa a hannunsa, sai dai ya suma. Ya shanya su kan rufin kwano, ya ɗan ƙwanƙwasa da dutse, ya mayar. Na taɓa saya masa sababbi, ya yi godiya, ya jefa su akwati, wai sai na ciki sun gama aikinsu.

Amma babban abinsa ita ce sandar nan. Tun da aka yi madatsar ruwa ta Goronyo ya ce gulbi ya daina bin sama kaɗai, dole a sa masa ido. Ya kafa sandar ƙirya a bakin ruwa, ya yi mata tsaga-tsaga, ya shafa wa guda ɗaya jan fenti. Kullum da safe yana can a tsugune. A lissafinsa, ranar da ruwa ya taɓa jan, kwana biyu fadama ta nutse. A gefen fadamar kuwa mutane suke kafa rudu, rumfar karan nan da ake ajiye albasa a jira ta yi tsada. Wahalar shekara guda ke nan a wurin.

To, ni da damina sana'ar su nake yi, kamun kifi a gulbi. Wata rana da yamma na dawo a gajiye, na ɗaure jirgina a jikin sandar Kawu, don ita ce kusa. Jirgi ya ja, sanda ta tumɓuke. Na mayar da ita a ramin, na samu dutse na buga ta da kyau, ina ganin har gyara na yi masa.

Da safe ruwa yana kan ja.

Kawu ya bi gida-gida ko takalmi babu. Aka fito da jakuna da amalanke, maza da mata, aka wuni ana kwasar albasa zuwa tudu. Aka jira kwana biyu, aka jira mako. Gulbi ko motsi bai yi ba. Albasa kuwa ba ta son jagwalgwalo, wadda ta ƙuje duk ta ruɓe. Mutane suka sa masa suna Kawu Ambaliya. Ya daina zuwa majalisa, kuma tambayar nan tasa ta ɗauke ɗif. Sai a lokacin muka gane hira ba ta daɗi in babu ita. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Da wata daminar ta zo, ran nan bayan sallar asuba ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce ruwa ya kai ja. Aka fara ƙunshe dariya. Wani ya tambaye shi ko na bana ma irin na bara ne. Na dubi tsohon nan, sai kawai na ji ni a tsaye. Na faɗi komai, jirgi da dutse da duk abin da ya faru. Zagin da na sha a safiyar nan ya ishe ni har tsufa, amma an kwashe albasa. Kwana biyu cif, ruwa ya zo ya tafi da rudu sun fi ashirin, babu ko ƙwaya a ciki.

Da ƙura ta lafa na je neman gafara. Na tarar da shi yana shanya batiri.

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Taƙi guda da yatsa biyu kan nutsa ta. Da zaren igiyar jirginka a jiki. Na auna."

Na ce, "Kawu, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"In hwaɗi su cinye ɗan yayata ɗanye? Ni tsoho na, dariya ba ta kashe ni."

Bayan rasuwarsa muka buɗe akwatinsa, ga batiran da na saya masa ko takarda ba a ɓare ba. Na yi dariya har na koma kuka. Sandar tana nan, ni nake duba ta yanzu, jirgi kuma can nesa nake ɗaure shi.

Allah ya jiƙan Kawu Manu, ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a auna ayyuka, Allah ya sa nasa ya yi nauyi. Amin.