Ranar da Jiniya Ya Je Ba Ruwa

Jiniya ake kiransa tun yana saurayi, saboda in ya yi sallama a ƙofar gida har maƙwabta sai sun amsa. Da girma ya zo, ya zama direban motar kashe gobara ta ƙaramar hukuma. Mota ɗaya ce tal gare su, ja, tsohuwa, ƙofarta ma da igiya ake ɗaure ta, amma shi ji yake da ita kamar 'yar fari.

Kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa a wurin aiki, sai ya zagaya bayan motar ya ƙwanƙwasa tankin da bayan hannu, ya kasa kunne. Cikakken tanki ba ya surutu, fanko kuwa ƙararsa har bakin titi. Abin ya bi jikinsa, har duron ruwan gidansu ƙwanƙwasawa yake yi in zai wuce, matarsa tana tsokanarsa wai saura kanta ya ƙwanƙwasa ya ji ko da ruwa a ciki. A gidan haya ya tsufa, ko keke bai mallaka ba. Abin da ya tara a duniya suna ne: ba a taɓa kiran Jiniya ya zo ba ruwa ba. Ya kuma san abin da ake yi wa wanda ya zo fanko, don direban da ya gada da tabon dutse a ƙeya ya bar aiki.

Sai kansilan unguwar kasuwa ya fara gini. Bulo na son ruwa, famfo kuma ya ɗauke, shi ne kansila ya tuna hukuma na da tanki mai ƙafa. Ya yi wa ciyaman magana, ciyaman ya kira ogan su Jiniya. Jiniya ya ce wannan ruwa na gobara ne, oga ya ce ko ya kai ko ya ajiye makulli. Mutum mai 'ya'ya a makaranta ba ya ajiye makulli da garaje. Ya riƙa kaiwa yana cizon yatsa, daga nan ya zarce madatsar ruwa can bayan gari ya sake cikawa.

Wata rana da tsakar rana, ɗigon ƙarshe na sauka a kan bulon kansila, waya ta yi ƙara. Wani bene a bayan kasuwa ya kama, teloli mata a sama, ɗakunan haya a ƙasa, kuma wuta ta riga ta cinye matakala. Jiniya ya san abin da ke cikin tankin, amma sai da ya ƙwanƙwasa. Abokan aikinsa biyu suka ce a je a ciko tukuna. Ya ce kafin a dawo sai dai a kwashi gawa, ai akwai tsani a kan motar. Suka dubi juna suka dire, suka ce su ba su shirya mutuwa yau ba. Ya kunna jiniya ya tafi shi kaɗai.

Jama'a suka dare masa hanya suna murna. Samari suka ja tiyo, suka buɗe, tiyo ya yi tari ya tofar da ɗan jan ruwa, shi ke nan. Nan take murna ta koma fushi. Dutsen farko gilashin gaba ya tarwatsa, na biyu ya same shi a gira yana kwance tsani. Jini na shiga masa ido ya jingina tsanin ya hau, ana jifarsa a gadon baya. Ya riƙa sauko da matan, suna ihu suna yagar rigarsa. Ta ƙarshe mai tsohon ciki ce, matar wani mahauci, hayaƙi ya sumar da ita, a kafaɗa ya sauko da ita.

Yana ajiye ta suka rufe shi. Wani da katako, wani da guntun bulo, wata tsohuwa ma da takalminta. Ana cikin haka mahaucin ya iso a guje daga mayanka. Ba wanda ya ce masa an fito da matarsa, abin da aka gaya masa kawai mahaifiyarsa na ɗakin ƙasa ba ta fito ba, kuma ga wanda ya zo ba ruwa. Ya fizgi ƙarfe a hannun wani. Jiniya ya dafa matakin motar zai miƙe, mahauci ya sauke ƙarfen a kan hannun, ya sake, ya kuma sakewa, da ƙwarewar mai fasa ƙashi kullum. Daga nan aka cinna wa motar wuta, ta ci har ta gaji ba mai kashewa.

A asibiti aka yanke hannun daga wuyan hannu, idon hagu kuma bai sake gani ba. Ciyaman ya zo dubiya da mai ɗaukar hoto, kansila na bayansa riƙe da ledar lemo, ko kunya babu. Matar Jiniya ta miƙe za ta tona musu asiri a gaban likita, ya riƙe mata zani da hannun da ya rage. Aka ce an kafa kwamiti, kuma daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan an sallami Jiniya daga asibiti, mahaucin ya zo gidansa da hantsi. An binne mahaifiyarsa, matarsa ta haihu lafiya, kuma ya ji wanda ya sauko da ita. Ya tsuguna a ƙofar ɗaki yana kuka yana neman gafara, Jiniya ya ce ya yafe. Sai mahaucin ya share fuska, muryarsa ta canza.

"Baba, kowa ya san ba ka yawo fanko. Wani ne ya sha ruwan nan. Ka faɗa mini sunansa kawai."

Jiniya ya dubi wuƙar da ke soke a ƙugunsa, ya dubi idonsa. Ya tabbata in ya buɗe baki, kafin azahar an yi gawa a gidan kansila, jaririn nan kuma a bakin kurkuku zai riƙa ganin ubansa, in ma an bar uban da rai. Ba kansila yake tausayi ba, wannan ko a lahira sai sun tsaya.

"Ba wanda ya sha," in ji shi. "Ni na manta ban cika ba."

Kwano ya faɗi a bayan labule, inda matar Jiniya ke tsaye. Mahaucin ya miƙe, ya tofar da yawu a bakin ƙofa ya fita. Kafin yamma maganar ta gama kasuwa, kafin sati kuma mutane sun daina ce masa Jiniya, sai Fanko.

Matar ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, don baƙin ciki. Wata safiya tana shara ta ga ya tsaya a gaban duron ruwa. Ya ɗaga dungun hannun kamar zai ƙwanƙwasa, ya tsaya, sannan ya mayar da shi cikin aljihu ya wuce.