Malam Garba, Ɗan Masunta Mai Sayar da Titus

Muna ƙofar gidana a Birnin Kebbi ana raba goro da dabino, liman ya gama addu'ar sunan jikana na fari ke nan, sai ƙanin Malam Garba ya tsaya da babur. Bai ko sauka ba. Ya ce, "Malam Sani, sai haƙuri. Yaya Garba ya cika bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da aka haifi yaron nan bakina bai rufu ba don murna, ga shi da wannan bakin na sanar da jama'a cewa daga nan sai maƙabarta.

A ajin yamma na yaƙi da jahilci muka haɗu, mu biyu da furfura, muna koyon riƙe fensir. Shi ɗan gidan masunta ne daga Argungu. Da ya ga abin da yake samu a gulbi ba ya ciyar da iyalinsa, sai ya jingine homar kamun kifi da gora, ya dawo Birnin Kebbi ya kafa tebur yana sayar da titus, kifin tekun nan mai zane a baya da ake kawowa cikin ƙanƙara.

Danginsa ba su yafe masa ba. Suka sa masa suna Mai Gawar Kifi. A wurin biki sukan toshe hanci idan ya zauna, su da ƙarnin taru bai taɓa barin rigunansu ba. Wasu daga cikinsu rabonsu da shiga ruwa tun suna samari, amma su ne masu gadin martabar gulbi, daga kan benci. Shi kuwa abin da yakan ce kawai, "Yaro mai jin yunwa bai tambayar garin su kihi."

Ba sayarwa kaɗai yake yi ba. Mace ba ta barin teburinsa sai ya yi mata bayani: a narkar da shi a ruwan sanyi, ba na zafi ba, a kankare baƙin jinin da ke jikin ƙashin baya, a wanke da lemun tsami, a sa citta, a jefa shi a miya daga ƙarshe, kada a dame shi da ludayi. Yakan ce maiƙon nan da ake ƙyama shi ne amfaninsa, kuma ƙayarsa kaɗan ce, ana iya ba yaro ba tare da fargaba ba. Ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba har kifin ya saki, na ga ya haƙa rami ya binne shi. Ya ce, "Abin da ba ni kai wa ɗiyana, ba ni miƙa ma ɗiyan wani."

'Yata Saratu tana aure a Argungu, a gidan wasu dangin Malam Garba. Da cikinta ya tsufa muka je dubiya muka tarar da ita tafin hannu fari fat, tana tashi jiri na ɗibarta. A wurin awo an ce jininta ya yi ƙasa sosai, an ba ta magani, an ce ta dage da kifi da ƙwai da wake da ganye, in ba haka ba haihuwar za ta zo da haɗari. Gidan masunta ne, amma kifin kirki 'yan kasuwa ake kai wa, abin da ya rage maza su fara, ita sai kai da romo. Titus kuwa surukarta, Hajiya Kulu, ta hana shi shiga gidan. Wai mai ciki in ta ci, jariri zai fito da zane-zane a baya kamar kifin, jikinsa kuma ba zai taɓa ɗumi ba. Mace mai jikoki, ta je Makka ta dawo, ta tsaya kan wannan magana alhali yarinya na bushewa a gabanta.

Na ba Malam Garba labari. Washegari ya cika kula da titus da ƙanƙara, ya ce in raka shi Argungu. Hajiya Kulu ta tare mu a zaure.

"Garba, wanga abu ba shi wuce nan. Gidan masunta ne."

"Na sani, Yaya Kulu, cikinai aka yanke min cibi. Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Kin taɓa ganin yaro mai zanen?"

"An faɗi."

"Wa ya faɗi? Shekara da shekaru matan Birni na cin shi, da yanzu rabin 'yan makaranta zane gare su."

Ta juya mana baya. Sai ya dubi Usmanu, mijin Saratu, wanda ke raɓe yana kallon ƙasa, ya ce, "Ɗana, gulbi ba shi yi maka renon maraya." A ranar Usmanu ya ba da izini na taho da Saratu gida goyon ciki tun lokaci bai yi ba.

Daga nan Malam Garba bai fasa aiko mana kifi ba, shi ke zaɓa da hannunsa. Mai ɗakina ta riƙa yi mata shi a miyar alayyafo da tuwon shinkafa, wani lokaci a farfesu, tana haɗawa da maganin asibiti. A hankali jirin ya tafi, tafin hannu ya yi ja. Ta haihu lafiya, namiji, ƙato, mai kuka kamar ana bin sa bashin nono. Hajiya Kulu ta zo barka, kafin ta ce sannu ta kware zanen goyo ta kifa yaron tana duba bayansa a hasken taga. Ta duba, ta sake dubawa. Sannan ta ce ai dama jinin gidansu ƙarfi gare shi.

Lokacin Malam Garba yana kwance ba lafiya. Na je na gaya masa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ta samu zanen?" Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

A jana'iza masu toshe hanci ne a sahun gaba da manyan riguna, suna shaidar cewa mutumin kirki ne. Gaskiya suka faɗa, sai dai sun makara, kuma ba shi da bukatar shaidarsu. Da yamma a wurin taron mata na suna, miyar titus aka yi. Mai ɗakina ta ce Hajiya Kulu ta cinye nata ta nemi ƙari, ba ta tambayi garin su kifin ba.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa abin da ya ciyar ya tarbe shi. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya tsaya musu, kada Ya bar su a hannun dangin da suka guje shi. Usmanu da kansa ya zaɓi sunan yaron, kuma an raɗa shi kafin babur ɗin nan ya tsaya: Abubakar. Muna kiransa Garba. Allah Ya raya mana shi a kan halin mai sunan. Amin.