Kunnen Baba Kiyari

Har yau ban manta da ranar da aka aike ni bayan tudu in saurari goge ba. Ku da kuka shigo aikin dabbobi yanzu, kuna isa rijiya a mota ku tarar makiyaya na jiranku, za ku yi mamakin abin da ya haɗa mai allurar shanu da goge. Ni ma da farko ban gane ba, kuma akwai gefen labarin da har yanzu ban gama ganewa ba.

A cikin shekarun 1930 ne, a Gure, bayan kaka. Ban daɗe da shiga aiki ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na iya karatu da rubutu da ɗan Faransanci, shi ya sa aka ɗauke ni. Babbanmu likitan dabbobi ne, Bature, yana Damagaram, ba mu cika ganinsa ba. A ƙarƙashinsa akwai shugaban ayarinmu, Mushe Ari (mushe nan malam ne da Faransanci), mai riƙe da akwatin magani. Daga shi sai masu allura, sai ni mai dafa allurai da tsaga kunnen saniyar da aka yi wa don kada a maimaita mata, sai ƙarti masu kayar da shanu. Ciwon da muke yaƙi da shi bushiya ne, wanda in ya shiga garke yakan bar mai shanu da igiyoyi kawai.

Allurar ba ta da wuya, samun shanun ne wahala. Makiyaya in sun hango raƙuma da mutane masu kaki, sai su ɗauka masu ƙidayar shanu ne saboda jangali, su kora dabbobinsu bayan tuddai. Mu iso rijiya mu tarar da kashin shanu da ɗuminsa, ba kowa. Abin da ya raba mu da masu ƙidaya shi ne Baba Kiyari. An ɗauke shi ne mai jan raƙumi, amma tsohon mai goge ne da ya daɗe yana bin rugage wurin suna da biki. Yakan riga mu isa rijiya ya zauna ya yi kiɗa. Ya yi wa shugabannin rugage alkawari cewa ba zai taɓa yi wa masu ƙidaya kiɗa ba, su kuma sun yarda da shi. In sun ji gogensa daga bayan tudu, sai su fito da shanun.

Muna shirin tafiya Bune, inda aka ce ciwon ya fara taɓa garkuna, sai raƙumin kaya ya yi birgima a kan gogen. Ƙwaryar ta farfashe, sandar ta rabu biyu. Mushe Ari ya kira ni.

"Isufu, ka raka tsohon nan wurin gyartai ku zaɓo sabo. Jibi za mu tashi. In mutanen Bune suka gudu, shanunsu sun tafi, kuma ba ni kaɗai zan tsaya gaban likita ba."

"Mushe, ni ban san goge ba."

"Ka san hanyar garkar gyartai?"

"Na sani."

"To ka san rabin aikin."

Mahaifina malami ne, ko amon goge ya jiyo sai ya sake hanya. Don haka tun daga gari nake tambayar kaina ko mai zaɓen goge da mai kaɗa shi hukuncinsu ɗaya. Da abin ya ishe ni na tambayi Baba Kiyari. Ya ce, "Ɗana, ba kaɗawa za ka yi ba, ba kuma rawa ba. Kunne kawai za ka ara mini, in an gama in mayar maka."

Sale gyartai, mai ɗinkin ƙwarya, shi ke haɗa goge a ƙasarmu. Muka same shi a garkarsa, wato lambunsa, cikin wani kwari mai dabino da goruba, tuddan rairayi sun kewaye shi. Goge biyu yake da su a shirye. Ga wanda bai sani ba, goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, aka soka mata sanda, aka ɗaura mata tsirkiya ta gashin wutsiyar doki, ana goga ta da baka mai irin wannan gashin. Na farko ja ne, mara nauyi, da zane a ƙwaryar, sandarsa siririya. Na biyu baƙi ne, ƙwaryarsa da faɗi, sandarsa da kauri, tsirkiyarsa ta yi nesa da sandar har sai mutum ya buɗe hannu sosai.

Baba Kiyari yana da yatsa ɗaya a hannun hagu da igiyar guga ta taɓa karyawa, ya warke a karkace, tun daga nan yake makara a kan tsirkiya. Da ya ɗauki jan, yatsan ya kai inda ake so ba wahala. Ya yi ta gudu a kan tsirkiya yana dariya.

"Sale, ka mayar da ni saurayi!"

"Ai don kai na yi shi, Baba."

Da ya ɗauki baƙin kuwa, fuskarsa ta ɗaure, yatsan yana makara, amma muryar ta cika kwarin.

"Wannan kam namiji ne," in ji Baba.

"Ai don kai na yi shi," in ji Sale.

Na ce, "Malam Sale, wanne ne ka yi dominsa?" Ya dube ni kamar na tambaye shi abin kunya. Na sake tambaya me ya kamata in saurara. Sale ya ce jan muryarsa akwai mai, baƙin akwai ƙashi. Baba ya ce a'a, baƙin ne mai mai, jan ruwa gare shi. Na ce to tsakanin mai da ƙashi da ruwa wanne ake nema? Su duka suka ce, "Ya danganta."

Sannan Baba ya bayyana mini aikina. Ya ce mai goge ba ya jin abin da na nesa ke ji. "Ni a ƙirjina nake jin sa. Makiyayi a bayan tudu yake ji. Shi ya sa ba ma zaɓen goge sai da kunne. Ka haura tudun can ka tsaya. Zan fara da jan, in bi da baƙin. Ka dawo ka gaya mini wanda ya ƙetare."

Na haura, na tsaya, na rufe ido. Na ji na farko, na ji na biyu, a tsakaninsu wani jaki ya yi kuka. Na sauko.

"Baba, duka sun ƙetare."

"Wanne ya fi?"

"Ina jin na farko. Jan ke nan."

"Na farko baƙin ne," in ji Sale. "Jan muna shafa wa bakansa ƙaro."

"To wanda na ce ya fi, na farkon nake nufi ko jan?"

"Kai muke tambaya!"

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Baba ya ce laifin kusa ne, makiyayi ba ya tsayawa nan kusa, in ƙara nisa. Na ce har ina? Ya ce, "Har inda kai za ka tsaya in kana tsoron a ƙidaya shanunka."

Da wani daban ya gaya wa wannan maganar, da ba abin da ya faru. Ni kuwa mutum ne mai tsoro. Na haura tudun farko na ce mai tsoro ba zai tsaya nan ba. Na haura na gaba na ce nan ma mai raƙumi zai hango ni. Na tuna cewa shanu suna kuka, sai a ji su, na ƙara gaba. Ina ta ƙoƙarin yin aikin daidai, kada in dawo da amsar rabi kamar ɗazu. Sai da na samu wurin da hankalina ya kwanta cewa ba mai ƙidayar da zai same ni, sannan na tsaya na kasa kunne. Ban ji komai ba.

Na juya in koma, sai na ga tuddan duk kamarsu ɗaya. Sawuna ya gauraye da na awaki. Rana tana tsaka, ban ɗauko ruwa ba, ƙarangiya ta cika mini wando. Na bi nan, na bi can. Na yi taimama na yi azahar, na sallame ina shakkar alƙibla, na sake yi ta wata fuskar. Abin da ya fi damuna ba ƙishirwa ba ne. Tunani nake yi, in an same ni a mace a nan, mahaifina zai tambaya me ya kai ni, a ce masa sauraren goge.

Wajen la'asar na ji wani abu siriri kamar zare, yana zuwa yana ɓacewa. Na bi shi. In na sauka kwari ya ɓace, in na hau tudu ya dawo. Can na hango kawunan dabino, na gangara ina faɗuwa ina tashi. Na tarar da Baba Kiyari sharkaf da gumi, baƙin goge a hannunsa, yatsan nan ya kumbura. Mushe Ari ma yana wurin, don Sale ya aika masa cewa ma'aikacinsa ya ɓace.

Bayan na sha ruwa aka gaya mini yadda aka yi. Da suka ga shiru, Baba ya yi ta kaɗa jan don in ji in dawo, ban dawo ba. Ya koma baƙin, sai ga ni.

"An gama," in ji Sale. "Baƙin ya kawo shi."

Na ce su dakata. Na ce iska ta juya da la'asar, mai yiwuwa da jan ake kaɗawa lokacin shi ma da na ji. Na ce kuma ban tabbata ko kunnena ya kawo ni ko idona ba, tunda na ga dabino. Mushe Ari ya ce shi dai jan yake so, don tsoho zai wuni yana kaɗa shi ba kumburi, kuma hanyar da nisa. Baba kuwa yana ta shafa sandar jan.

"Isufu, kai ne kunne," in ji Mushe Ari. "Faɗi ɗaya."

"Mushe, abin da na tabbata kawai shi ne, lokacin da na fito, baƙin ake kaɗawa."

"Shi ke nan," in ji Baba. Ya miƙa wa Sale jan. "Ka ba saurayi mai yatsu."

A hanyar Bune, duk sanda na ga Baba yana tsoma hannu cikin ruwan ɗumi sai in ce ni na jawo masa. Kuma ba wanda ya yi maganar abin da ya fi tsaya mini a rai: muryar baƙin ba ta yi kama da ta tsohon gogen ba, ko ni da ban san mai da ƙashi ba na ji haka.

Muka isa rijiyar da hantsi, muka tarar da abin da muka saba, kashin shanu da ɗuminsa, ba kowa. Muka durƙusar da raƙuma nesa kaɗan. Baba ya zauna bakin rijiya ya fara. Ya gama waƙa ya kama wata, yatsan yana makara a kowace juyawar waƙa. Rana ta ɗaga. Masu allura suka daina hira. Mushe Ari ya dube ni, ya dubi tudu, ya sake dubana. Ni kuwa ina ta dafa alluran da na riga na dafa.

Sai ƙahoni suka ɓullo a kan tudu. Bayansu ga Arɗo Buba, shugaban rugagen wajen, da sanda a kafaɗa, shanu na gangarowa a bayansa. Bai gaishe mu ba sai da ya tsaya a kan Baba.

"Kiyari, wane baƙon goge ne wannan ka ɗauko mana?"

"Raƙumi ya kashe tsohon, Arɗo."

"Allah ya ji ƙansa. Mu dai da muka ji muryar muka ce dabara ce, masu ƙidaya sun ɗauko mai goge daga Damagaram. Samari har sun fara kora. Na ce ku dakata a zo wurin juyawa. Da aka zo, yatsan ya makara. Aka sake zuwa, ya sake makara. Na ce ku dawo da su, gurgun nan ne, ba mai iya kwaikwayonsa."

"Gurgu kakanka," in ji Baba. "Kawo nono, hannuna ya mutu."

Ranar muka yi allura har rana ta kusa faɗuwa, washegari wasu rugagen suka biyo. Ina tsaga kunnuwa ina tunani. Da jan muka ɗauko, da yatsan bai makara ba, da Arɗo ya ji saurayi yana gudu a kan tsirkiya, da shanun suna can irin inda na ɓata. Na samu Baba yana shan nono na tambaye shi.

"Baba, dama ka san haka za a yi?"

"Ni? Ni jan nake so. Kai ka zaɓa."

"Ban zaɓa ba, ɓacewa na yi."

"To Allah ya ƙara ɓatar da kai."

Ban ce amin ba, kuma na daɗe ina tunanin ko ya kamata in roƙe shi ya janye addu'ar.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, makiyayi ba maganinmu yake kawo wa shanunsa ba, mutumin da ya sani yake kawo wa, kuma da aibinsa yake gane shi. Shi ya sa da na zama mai allura, har na riƙe ayari, ban yarda a riƙa sauya mini mutane a hanyar da aka san su ba, ko da an ce sabon ya fi ƙwarewa. Ku ma in an tura ku wata rijiya, ku fara tambaya wa aka sani a wurin, kuma da me aka san shi. Ni a Bune har na bar aiki sunana Kunne. Amma in kun tambaye ni tsakanin jan da baƙin wanne ya fi ƙetare tudu, har gobe ban sani ba, don iska ta juya.