Kwano Daban

A shekarun farko bayan Nasara ya naɗe tutarsa aka turo ni Dogon Dutsi aikin allurar shanu. Ni mutumin gabas ne, ban san kowa ba, ba ni da mata, ɗakin da aka ba ni kuma yana bayan ofis, inda babu mai wucewa sai jakai. Abin da ya hana ni ɗaure kayana in gudu shi ne tuwon rana. Mu biyar ne, duk ma'aikata, duk baƙi: malaman lakwal, wato makarantar boko, su biyu, babba da ƙarami, da mai kula da gidan waya, da wani ma'aikacin asibiti mai yawan dariya, sai ni. Wata tsohuwa da muke kira Inna ke tuƙa mana, mu ci a akushi ɗaya cikin zaurenta. In na yi kwana goma a daji ina bin garke, ba ruwan wanka nake marmari ba, zauren nan nake marmari.

Muna kiran kanmu 'yan ci-gaba. Mutanen gari kuwa masu gajeren wando suke ce mana, kuma ba su yi ƙarya ba.

Shugaban ƙasa dai ba a tambaye mu ba, mutum ɗaya ne, takardarsa ɗaya. Amma wata shekara aka ce reshen jam'iyya na yankinmu zai fid da sunan wanda za a aika Yamai ya zama depite, wato ɗan majalisa. Sai muka ɗauki abin da zafi, kamar mu za mu naɗa mai mulkin duniya. Mutum uku suka fito. Akwai wani ɗan gidan sarauta, wanda ba ma ɓata bakinmu a kansa. Akwai tsohon daraktan lakwal, mai Faransanci kamar ruwa. Sai wani dattijo daga wajen Dogon Kiriya, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin haƙar rijiyoyi, kowa na ce masa mai rijiya.

Wata guda cur tuwo na hucewa a gabanmu. Babban malami yakan ɗauki tsinke ya ja layi biyu a ƙasa, ya jera abin da kowa ya ce zai yi. Darakta ya ce lakwal a kowane babban ƙauye, har da 'yan mata. Ya ce garmar shanu, da hanyar mota, da faɗaɗa gonakin gyaɗa har inda ido ya tsaya. Mai rijiya maganarsa ba ta da yawa: rijiyoyin siminti, da kafa duwatsu a gefen burtali, wato hanyar shanu, don kada a shuka a kai. In aka tambaye shi lakwal sai ya ce yaron da ya wuni yana jan guga ba ya zuwa lakwal.

Ina son lakwal, ita ta raba ni da fartanya. Sai dai na ga abin da abokaina ba su gani ba. A wajen Geceme na ga an shuke burtali da gyaɗa, garke ya rasa hanya ya faɗa gona, aka rotsa kan wani saurayi, ni mai ɗinkin shanu na ɗinke shi. Na ga mata suna jira a bakin rijiya tun hantsi har la'asar, bayan shanu, shanun ma bayan wasu shanun. Na faɗi wannan a zaure, na sake faɗi, har na fara jin muryata tana ba ni haushi.

"Kai dut maganarka ta shanu ta," in ji mai gidan waya. "Shanu ba su zaɓe."

"Masu shanu suna zaɓe," na ce.

Babban malami ya goge layukansa da tafin hannu. "Abokina, ba mu ce dattijon ga bai da gaskiya ba. Amma in munka rabu biyu, ɗan sarki na za ya wuce. Mu biyar, baki guda. Haka munka yi tun hwarko."

Gaskiya ne, mun yi haka. Amma ina da taurin kai, kuma ina da wani abu a aljihu da nake ji da shi: goyon bayan makiyaya. Na bi rugage ina allura ina wa'azi. Wani arɗo da muke shiri da shi, mai katin jam'iyya shi da mutanensa, ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "In Allah ya kai mu, likita." Ni kuma, baƙon da bai san garin ba, na ɗauki wannan a matsayin alkawari.

Kwana huɗu kafin ranar zaɓen, ruwa ya sauka a arewa. Da na je rugar, sai toka da turaku na tarar. Makiyayi ba ya zama jiran taron ofis alhali ciyawa ta tsiro.

Zaɓen ba na takarda ba ne. A filin gaban ofishin jam'iyya aka yi shi da hantsi, kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, wani baƙo daga Dosso ya bi yana dubawa. Kowa na ganin kowa. Abokaina huɗu suka nufi layin darakta. Ma'aikacin asibiti ya waiwayo ya matsa ya bar mini gurbi a gabansa, ba dariya a fuskarsa ranar. Na wuce gurbin na je na tsaya bayan mai rijiya. Ba mu fi cikin tabarma biyu ba, yawanci tsofaffin da suka yi haƙa tare da shi.

Kafin baƙon ya iso kanmu, sai dattijon ya gyara rawaninsa, ya taka a hankali ya tsallaka filin, ya kama hannun darakta, ya shiga bayansa. Tsofaffinsa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mamaki. Daga baya na ji tun mako guda aka gama maganar a gidan wani ɗan kasuwa a Kore Mairuwa, an yi masa alkawarin za a sa rijiyoyinsa a gaba. Duk garin sun sani. Abokaina ma sun sani, sun zaci in na ga ya tsallaka zan bi.

Da na bi, da shi ke nan, da an yi mini tsiya kwana biyu a zaure an manta. Amma kunya da fushi suka riƙe mini ƙafa. Na tsaya a tsakiyar fili, babu kowa gabana, babu kowa bayana, rana tana dukan ƙeyata.

Baƙon ya zo ya dube ni, ya kira ni da "malam" irin na Faransanci. "Mushe, kai bayan wa kake?"

"Ina nan dai," na ce.

Darakta ya ci, da rata mai yawa. Tsayuwata ba ta rage shi da komai ba, ba ta ƙara wa shanu ko taki ɗaya na hanya ba.

Washegari bayan azahar ina wanke hannu zan tafi zaure, sai ga Inna da kanta a ƙofar ɗakina, da wani kwanon sha mai murfi, sabo, shuɗi.

"Sun ce ka gaji, ɗana, a kawo maka nan ka huta."

"Wa yac ce, Inna?"

"Sun ce dai."

Na buɗe. Tuwo da zafinsa, miyar kuka, da tsokar nama biyu, abin da ban taɓa samu ba a akushin mutum biyar. Ba wanda ya kore ni. Muna haɗuwa a hanya mu gaisa har da tambayar gajiya. Mai gidan waya yana ajiye mini wasiƙuna a gefe kamar da. Kullum dai kwanon yana zuwa, ni kuma ban taɓa taka ƙafa na je na ce ga ni ba. Na yi ta jira su aiko, wataƙila su ma jira suke in zo. Wani lokaci iska takan kawo mini dariyar ma'aikacin asibiti daga zauren, sai in mayar da murfin kwanon in ture shi gefe. Kaɗaici na sha shi a garin nan, kuma rabinsa ni na dama da hannuna.

Da kaka arɗo ya dawo, ya kawo mini man shanu a ƙwarya. Muka yi maganar ciyawa da kofato. Sai da zai tashi ya ce, "Af, likita, abin nan naku, an yi shi kuwa?" Na ce an yi.

Shekara biyu bayan haka aka sauya mini wurin aiki. Kafin in tafi an gina rijiyar siminti guda a hanyar Dogon Kiriya, burtalin Geceme kuwa gyaɗa ta cinye shi sarai. Ranar tafiya na wanke kwanon na kai wa Inna. Zauren ba kowa, akushin yana kife a jikin bango. Ta karɓa, ta juya shi, shuɗin ya fara ɓarewa a baki. Sai ta miƙo mini.

"Tahi da shi, ɗana. Naka na. Ba wanda yat taɓa ci ciki sai kai."