Wagon ɗin da Inna Ta Zaɓa Mana

Ina cikin aji a Kudan, da hantsi, alli a hannuna, wayata ta yi ta ruri a aljihu. Ba ɗabi'ata ba ce ɗaukar waya a gaban ɗalibai, amma da na ga sunan Rakiya, autarmu, sai na fita baranda. Ba ta yi sallama ba, ba ta tambayi aiki ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, Inna ta cika." Na tambaye ta wace Innar, alhali Inna ɗaya gare mu a duniya. Ta ce bayan sallar walaha ta yi kukan kanta na sara mata, ta kishingiɗa a tabarma a ƙofar ɗakinta, ko da aka kawo mata koko rai ya riga ya yi halinsa. Na jingina da bango ina ta maimaita innalillahi, har wani abokin aikina ya zo ya zare allin daga hannuna, ya goya ni a babur muka kama hanyar Paki.

Mahaifiyarmu, Inna Hurera, haifaffiyar Gubuchi ce, aure ya kawo ta Paki, a nan kuma ta ƙare rayuwarta. Daddawa take yi, tana busar da barkono, kuma turkenta bai taɓa rabuwa da dabba ba. Ba mai yawan magana ba ce. Idan gardama ta tashi a gida, abin da takan fara cewa shi ne, "A ci abinci tukuna, mai jin yunwa ba ya jin kowa." Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina ƙarami "yaron nan" ne, da na fara koyarwa na koma "Malamin Kudan". Ko ina zaune a gabanta, sai ta dubi Rakiya ta ce, "Tambayi yayanki ko an ba shi ruwa." Haka na tashi, ban kuma ɗauke shi komai ba, domin haka iyayen abokaina suke da 'ya'yansu na fari.

Masu ta'aziyya sun faɗi alheranta da yawa, wasu ma ban san da su ba. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta saya mana mota, ita da ba ta san giya daga birki ba.

Shekarun baya ne mahaifinmu, Malam Idi, ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita a Zariya ya ce a riƙa kawo shi duk wata. A motar haya muke kai shi. Mukan biya kuɗin kujera biyu, duk da haka sai an tanƙwara masa ƙafar da ba ta tanƙwaruwa, a tura shi jikin ƙofa. Wata rana a tashar Ikara direba yana sauri, 'yan kamasho suka ciccibe shi suka cusa, hularsa ta faɗi ƙasa wani ya taka. Malam mutum ne da ya yi limancin unguwa shekaru masu yawa. Ya rufe ido, bai buɗe ba har muka isa. Inna ta ɗauki hular ta kakkaɓe, ta riƙe ta a cinyarta. Da muka dawo gida ta tara mu, ni da ƙanena Nasiru da ke noma a Paki, ta ce, "Daga yau ba za a sake naɗe Malam kamar tabarma ba. Ku nemo mota."

Ta sayar da bijimin da take kiwo, Nasiru ya kawo kuɗin barkonon shekarar, ni na ɗauki adashin malamai. Da aka haɗa, abin da ya taru bai wuce na tsohuwar mota ba, kuma mun san idan muka yi kuskure babu wani bijimin da za a sake sayarwa.

Nasiru ya riga ya ga wata ƙaramar mota a wurin wani dillali a Zariya, baƙa mai sheƙi, har da na'urar sanyi. Ni ma da na gan ta raina ya biya. Da muka kawo wa Inna labari, sai ta ce da Rakiya ta ɗauko mata hijabinta na fita, tare za mu. A wurin dillalin ba ta ko kalli fentin ba. Ta buɗe ƙofar baya ta ce, "Nasiru, tsayinku ɗaya da Malam. Shiga ka kwanta." Nasiru ya waiwaya ya ga samarin wurin suna kallo, ya ce, "Haba Inna, a nan?" Ta ce, "A nan." Ya shiga ya kwanta, gwiwoyinsa suka tokare sama, kansa ya dafe ƙofa. Dillalin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai mara lafiya zaunar da shi ake yi." Ta ce, "Naku ke zama. Nawa kwanciya yake." Ta juya ta nufi titi, muka bi ta.

Shi dillalin ne ma, Allah Ya saka masa, ya biyo mu ya ce abin da take nema wagon ce, doguwar nan da ake kwantar da kujerun baya a sami fili har ƙofar but. Daga ranar kalmar ta zauna a bakin Inna.

Mota ta biyu a Ikara muka same ta, an yi mata sabon fenti, kuɗinta kuma da sauƙi. Nasiru ya miƙe a ciki sosai har da sauran wuri. Muka ce to, an gama. Inna ta ce a kira Ɗanladi, bakaniken da ke gyara wa Nasiru injin ban ruwa, kuma gwani ne a mota. Ta ce masa, "Ɗan nan, ni ban san komai a nan ba. Ka duba mini ita kamar mahaifinka za ta ɗauka." Ɗanladi ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito ya ce an taɓa yi mata walda a tsakiya, alamar ta yi mummunan hatsari, kuma an zuba mata baƙin mai mai kauri don ya ɓoye hayaƙi. Muka haƙura.

Aka ɗauki makonni ana nema. Ranar asibiti ta zagayo, dole muka yi shatar mota. Ran Nasiru ya ɓaci, ya ce, "Inna, kullum kaya tashi suke yi. Idan muka ƙara jinkiri ko babur mai ƙafa uku kuɗin nan ba zai saya ba." Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Na ji. Amma idan ta mutu mana a dajin hanya da rana tsaka, Malam yana ciki, wa zai goya shi?" Muka ci gaba da nema.

Ɗanladi ne ya ji labarin wata a Makarfi, ta wani dattijo da ya yi ritaya, Alhaji Tanimu. Da muka gan ta, ba ta burge ni ba. Ruwan toka ce da rana ta cinye, rediyonta ya mutu, ƙofa ɗaya sai daga waje take buɗuwa. Muka taru a gaban inji da Alhajin da Ɗanladi, Inna kuwa ta yi sallama ta shige cikin gida wai za ta gaida mutanen gidan. Ta daɗe har muka fara jin kunyar mai gida. Da ta fito, matar Alhajin, Hajiya Laure, ta rako ta har zaure, idanunta jajir.

Inna ta ja mu gefe ta ce, "Na tambayi matar gida. Idon Alhaji ne ya raunana, shi ya sa za su sayar. Sau ɗaya ta taɓa tsayar da su a hanya, shi ma bel ne ya tsinke. Da zafi tana ɗan shan baƙin mai. A cikinta aka kai 'ya'yanta makaranta, a cikinta aka ɗauko jikokinta daga asibiti. Matar da ke kukan rabuwa da mota, motar ba ta wulaƙanta ta ba." Ɗanladi ya ce shi ma inji ya yi masa, kayan gyaranta kuma ko a Ikara ana samu, sai dai a canza shokozoba da tayoyin gaba. Aka fita gwaji ta wata hanya mai gargada, Nasiru a kwance a baya, Inna a zaune kusa da shi ta tallafe ƙeyarsa da tafin hannunta don ta ji yadda kan ke bugawa. Da aka zo ciniki ta hana mu zuba duk abin da muka zo da shi. "Kada ku sayi mota ku rasa na mai," in ji ta. Alhaji Tanimu ya ji dalilin sayen, ya yi ragin da ba mu roƙa ba.

Motar a Paki take kwana wurin Nasiru, ni kuma duk ranar asibiti nakan zo in tuƙa, saboda ni na san hanyoyin asibitin. Inna ta shimfiɗa katifa a baya, ta ɗinka labule da tsohon zane don rana. Tafiyar farko, muna wuce gonakin rake na wajen Makarfi, Malam ya ɗaga labulen da hannunsa mai lafiya, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madalla." Kalmar ta fito sarai. Na ji Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," a hankali.

A cikin motar nan ne na san mahaifiyata. Idan Malam ya yi barci, sai ta fara magana. Ba ta kiran suna, ba ta kuma cewa da wa take, amma babu kowa a farke sai ni. Ta ba ni labarin ƙuruciyarta a Gubuchi, da shekarar da fari ya sa suka ci rama har ta gundure su. Ta gaya mini ranar da aka kai ni makarantar kwana, kunya ta hana ta rako ni ko da zaure, sai ta leƙa ta jikin zana har akwatina ya ɓace, daga nan ta shiga madafa ta ce wa mutane hayaƙi ne ya shigar mata ido. Na so in waiwaya, ta ce, "Kalli hanya." Da mun iso gida kuwa, sai ta koma, "Rakiya, tambayi yayanki ko zai ci tuwo kafin ya wuce." Na riƙa ɗokin ranar asibiti, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don kada a ce ina murna da ciwon mahaifina.

Motar ta yi wa Malam hidima har Allah Ya karɓi abinsa, ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Bayan arba'in wani ya taya motar, Nasiru ya kawo maganar. Inna ta ce, "Unguwar nan Malam ne kaɗai mai kwanciya?" Aka bar ta. Masu naƙuda da yawa sun isa asibitin Ikara a kan katifar nan, da wani yaro da ya faɗo daga mangwaro, da tsohuwar da maciji ya sara a gona. Na mai kawai take cewa a karɓa, wanda ba shi da shi kuma ta kwance bakin zane. Ita kanta ba ta taɓa yarda ta zauna a gaba ba. Ni kuma na koyi ƙirƙiro dalilin fita: gaisuwar suna, dubiya, cefanen da ko a Paki akwai shi.

Fitarmu ta ƙarshe Gubuchi ce, wurin ƙanenta Kawu Sale da ba ya jin daɗi. A dawowa ta sa na tsaya ta sayi rake don jikoki. Ta fara ba ni labarin mahaifiyarta, wadda ta rasu tun ban yi wayo ba, da yadda ta taɓa tafiya a ƙafa daga Gubuchi zuwa Paki da damina don kawai ta ga jariri, wato ni. Ba ta kai ƙarshe ba muka shigo gari. Na rage gudu, na so in zarce ƙofar gidan kamar ban gani ba. Ta ce, "Za ka wuce gidan fa." Na tsaya. Tana sauka ta ce, "Sauran sai wani zuwan."

Ranar sadakar ukun Inna sai ga Hajiya Laure daga Makarfi, jikanta yana riƙe da hannunta. Ashe tun ranar cinikin nan ba su rabu ba, Inna na aika mata daddawa, ita tana aiko da mazarƙwaila. Ta kira ni ta ce, "Kai ne Malamin Kudan? Ba ta zama da ni ba ta yi zancenka ba." Na durƙusa a gabanta.

Ya Allah, ga baiwarka Hurera ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa ta tarar da sauƙin da ta nema wa bayinka. Ka jiƙan Malam, Ka haɗa su a Aljanna Firdausi. Ka ba Kawu Sale lafiya da juriya, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Ka rufa wa Nasiru asiri, gidan ya dawo wuyansa. Ka sanyaya zuciyar Rakiya, da har yau take dama koko ta zuba kofi biyu kafin ta tuna. Masu karanta wannan, ina roƙon ku sa Inna a addu'a. Ni kuma Allah Ka ba ni haƙurin da ya fi wanda nake da shi yanzu, Ka sa idan tawa ta zo in cika da imani, in same ta inda babu sauran rabuwa. Amin.